Daga tashar jirgin ruwa zuwa cikin Venis: yadda ake ɗaukar shatar mota da tasin ruwa

Idan tikitinka na jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya ce daga Venis za a tashi, ko a can za a sauka, kada ka ɗauka jirgin zai ajiye ka kusa da dandalin San Marco. Tun ranar 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta haramta wa jiragen da suka wuce tan 25,000, ko suka fi mita 180 tsawo, ratsa mashigin San Marco da na Giudecca, wato hanyar da manyan jirage ke bi a da su isa tashar Marittima da ke jikin birnin. An daɗe ana kai ruwa rana a kan batun. Hatsarin watan Yunin 2019, lokacin da jirgin MSC Opera ya ƙwace ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgin fasinja a San Basilio, ya ƙara wa masu adawa ƙarfi, hukumar UNESCO kuma ta yi barazanar saka birnin a jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari. Kamfanonin jirage sun ci gaba da rubuta Venis a tallansu, jiragen kuwa suna tsayawa a wasu wurare, wasu ma tafiyar fiye da awa biyu daga birnin.

Ga kuma matsala ta biyu: mota ba ta shiga Venis. Birnin na zaune ne a kan tsibirai 118 da aka haɗa da gadoji fiye da 400, kusan dukansu masu matakala. Titin mota ɗaya ne ke isa can, gadar Ponte della Libertà mai tsawon kusan kilomita 4, kuma yana ƙarewa ne a filin Piazzale Roma da tsibirin ajiye motoci na Tronchetto. Daga nan sai ƙafa ko ruwa. Saboda haka shatar da za ka ɗauka ba tafiya ɗaya ba ce, tafiya biyu ce da aka ɗinke: mota zuwa bakin ruwa, sannan jirgi zuwa masauki. A wurin ɗinkin nan ake samun tangarɗa, kuma shi ne ainihin abin da kake biyan kuɗi dominsa.

Mataki na farko: gano inda jirginka zai tsaya

Kada ka tuntuɓi kowane kamfanin sufuri kafin ka san wannan, domin kuɗin da lokacin duk a kansa suka rataya. Ka buɗe takardun da kamfanin jirgin ya aiko maka, ka nemi sunan tasha da lambar matsaya. Idan abin da ka gani Venis ne kawai, ka rubuta musu ko wa wakilin da ya sayar maka da tikiti, ka ce a ba ka sunan tashar a rubuce.

Marghera ita ce ta fi rikita mutane. Tashar kwantena da masana'antu ce a kan tudu, tafiyar minti 15 zuwa 20 daga Piazzale Roma, kuma ba a barin fasinja ko motar haya su shiga bakin jirgi yadda suka ga dama. Abin da aka saba yi shi ne a karɓi kaya a tantance fasinjoji a tsohuwar tashar Marittima, sannan kamfanin jirgin ya kwashe su da bas ko ƙaramin jirgi zuwa Marghera. Ranar sauka ma haka, a Marittima ake dawo da mutane su ɗauki kayansu. Wanda ya ce wa direba ya tarye shi a Marghera yana iya tarar da cewa shi yana Marittima, direban yana can yana jira a ƙofar da ba za a buɗe masa ba. Tambayar da ta dace ita ce: a ina ake ba da kaya? Inda akwatinka zai fito, nan ne wurin haɗuwa.

Idan amsar Marittima ce, kuma masaukinka na cikin tsohon birni, to ba ka buƙatar mota sam. Tashar na da matsayar tasin ruwa, daga nan za a ɗauke ka kai tsaye. Mai ƙaramin kaya ma yana iya hawa People Mover, wani ɗan jirgin ƙasa marar direba da aka buɗe a 2010, wanda ke haɗa Tronchetto da Marittima da Piazzale Roma cikin 'yan mintoci a kan kuɗi kaɗan. Ƙananan jiragen da dokar 2021 ba ta shafa ba har yanzu suna tsayawa a Marittima ko San Basilio, su ma lissafinsu ɗaya ne.

Fusina na kudu da Marghera, a bakin ruwa, mota na isa can, kuma minti 20 zuwa 25 ne zuwa Piazzale Roma. Chioggia na ƙarshen kudancin tafkin da Venis ke ciki, kimanin kilomita 50 ta titi, ka ware awa ɗaya. A taswira za ka ga kamar ta ruwa ya fi kusa, amma tasin ruwa daga can tsada ce kawai.

Sai masu nisa. Ravenna, wadda jirage ke tsayawa a Porto Corsini, kimanin kilomita 145 ce, kuma hanyar da aka fi bi, Romea, titi ne mai layi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, cike da manyan motoci. Awa biyu da rabi ne idan hanya ta yi kyau. Trieste ta fi nisa kaɗan, kusan kilomita 160, amma babban titin A4 ake bi, don haka awa biyu kan isa. Monfalcone na kan wannan hanyar, ta ɗan fi kusa. Ranakun Asabar na Yuli da Agusta A4 kan cushe da masu tafiya hutu Kuroshiya, ka ƙara lokaci.

Tasha kan canja ko bayan ka sayi tikiti, saboda iska ko yawan jirage. Ka sake dubawa sati biyu kafin tafiya, ka kuma dubawa ana jibi.

Mataki na biyu: san ƙofar masaukinka

Otal-otal da yawa masu Venis a sunansu a Mestre suke, wato ɓangaren birnin da ke kan tudu. Can mota na kai mutum har ƙofa, kuma ga mai kwana ɗaya da tulin kaya da jirgin sama da sassafe, ni a ganina Mestre ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan nan ne masaukinka, shatar mota kaɗai ta ishe ka.

Na cikin tsohon birni kuwa sai an yi tambaya. Adireshin Venis ba ya bin titi. Birnin ya kasu unguwanni shida: San Marco, Castello, Cannaregio, Dorsoduro, San Polo da Santa Croce, kuma lambobin gidaje na bin unguwa ne gaba ɗaya, har su kai dubbai. Ba wa matuƙi sunan unguwa da lamba kaɗai bai isa ba. Ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su abu uku. Shin suna da ƙofar ruwa ko matsayar kansu da tasi zai iya tsayawa? Idan babu, wace matsaya ce mafi kusa, kuma gadoji nawa ne tsakaninta da ƙofarsu? Sannan akwai na'urar hawa bene? Gidajen tsofaffi ne, da yawa ba su da ita.

Adadin gadojin nan shi ne ma'aunin wahalarka. Gada ɗaya da akwati biyu ba komai ba ne. Gada huɗu da akwati takwas da Hajiya mai ciwon gwiwa wani abu ne daban. Idan akwai gadoji, ka nemi otal ko kamfanin shatar su tanadar maka ɗan dako. Akwai masu lasisi da ke aiki da amalanke ta musamman mai hawa matakala, ana samunsu a Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia, kuma a kan kowane akwati suke caji. Ku yi ciniki kafin ya ɗora hannu a kan kaya.

Masu sauka a tsibirin Giudecca ko Lido su faɗa tun farko, kuɗin can daban ne. Wasu manyan otal na tsibirai suna da jirgin kansu da ke ɗaukar baƙi daga San Marco, amma galibi don yawo ne, ba don kwasar kaya ba.

Mataki na uku: ƙirga mutane da kaya da gaskiya

Mu dai ba a san mu da tafiya da ƙaramar jaka ba, kuma tsarabar kwana bakwai a tashoshi daban-daban kan ninka kaya. Ƙaramar mota na ɗaukar mutum uku da manyan akwatuna biyu ko uku. Ƙaramar bas na ɗaukar bakwai ko takwas, amma idan kujerun suka cika wurin kaya ba ya wuce akwati ɗaya ga kowa. Tasin ruwa na iya ɗaukar har mutum goma, sai dai farashin da ake tallatawa na mutum huɗu ko biyar ne da akwati ɗaiɗai, ana ƙara kuɗi a kan kowane ƙarin mutum da ƙarin kaya. Ka ƙirga jariri, ka ƙirga keken jariri da keken guragu. Wanda ya rage adadi don a rage masa kuɗi, a bakin ruwa zai biya bambancin, kuma a lokacin ba shi da bakin ciniki.

Shiga tasin ruwa na buƙatar taka ƙafa daga gaɓa zuwa jirgin da ke lilo, wani lokaci da tazara mai yawa idan ruwa ya janye. Mai doguwar riga ko zani ya tattare da hannu ɗaya, ya riƙe hannun ɗan uwansa da ɗayan. Gara namiji daga cikin iyali ya fara shiga ya tarbi mata, don kada a bar wa matuƙi aikin. Akwai tasi masu dandamalin ɗaga keken guragu, amma kaɗan ne, sai an nema da wuri.

Mataki na huɗu: shin shatar ma ta cancanta?

Ba kowa ne ya kamata ya ɗauki shata ba. Jirgin haya na gari, vaporetto, na tashi daga Piazzale Roma, kuma a 'yan shekarun nan tikitinsa na minti 75 Yuro 9.50 ne. Layi na 1 na bin babban mashigin Canal Grande yana tsayawa a kowace matsaya, kusan minti 45 zuwa San Marco. Mutum biyu masu akwati ɗaiɗai ba su da dalilin biyan tasi. Amma mutum shida za su biya Yuro 57, su yi turereniya da kaya cikin cunkoso, sannan a sauke su inda jirgin ya saba tsayawa, ba inda suke so ba. Tasin ruwa a cikin gari ba kasafai yake gaza Yuro 60 ko 70 ba, yana kuma iya haura 100 idan mutane da kaya sun yi yawa. Ga iyali, tazarar kuɗin ba ta kai wahalar ba.

Daga Trieste, jirgin ƙasa na kai mutum Santa Lucia cikin kusan awa biyu, kuma tashar jirgin ruwan a tsakiyar gari take, kusa da dandalin Piazza Unità d'Italia. Ga ma'aurata wannan ya fi shata araha sosai. Ravenna ba haka take ba: sai ka fara nemo abin hawa daga Porto Corsini zuwa cikin gari, sannan ka canja jirgin ƙasa a Ferrara ko Bologna. A nan ne shata ko bas ɗin kamfanin jirgin ke da amfani. Bas ɗin kamfani kowane kai ake biya, shata kuwa kuɗin mota ake biya, ɗaruruwan Yuro daga tashoshin nesa. Ka raba da yawanku ka kwatanta. Daga mutum huɗu zuwa sama sau da yawa shata ce ke yin nasara.

Gondola kuwa, kwalekwalen nan baƙi da ake gani a hotuna, ba abin sufuri ba ne. Yawon rabin awa ne a kan Yuro 90 da rana, mutum biyar, ba kaya.

Mataki na biyar: zaɓen kamfani

A Italiya motar shata mai direba tana aiki ne da lasisin da ake kira NCC, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma motar na ɗauke da ƙaramin tambari mai lamba a bayanta. Ba ta ɗaukar fasinja a titi, sai wanda ya yi oda tun farko. Tasin ruwa mai lasisi kuma yana da layi ruwan ɗorawa a tagarsa da lambar lasisi a jiki. Wanda ya tare ka a Tronchetto ko Piazzale Roma yana cewa zai yi maka sauƙi, ba tare da waɗannan alamu ba, ka wuce shi. Araha ba ta ado, kuma in wani abu ya faru a kan ruwa, babu inshorar da za ta san da zamanka.

Hanyoyin samun kamfani uku ne: shafin kamfanin kansa, manyan shafukan dillalai da ke tara kamfanoni, ko otal ɗinka. Dillalai na da sauƙin kwatanta farashi da soke oda, amma ba su ne masu mota ba, kuma sau da yawa ba za ka san sunan wanda zai zo ba sai ana gobe. Otal kan ɗora ɗan wani abu a kai, sai dai matuƙin da suka turo ya san ƙofarsu, kuma idan ya makara kana da wanda za ka kama. Duk wanda ka zaɓa, sharaɗina ɗaya ne: hannu ɗaya ya riƙe mota da jirgi. Idan ka yi odar mota a wani wuri, tasin ruwa a wani wuri, kuma cunkoson Romea ya cinye minti arba'in, matuƙin jirgin zai tafi abinsa ya ce ba ka zo ba, direban motar kuma ya ce shi ya gama nasa. Idan kamfani ɗaya ne, direban ne zai kira matuƙin tun yana kan gada ya ce ga mu nan.

Ka nemi farashi daga wuri uku. Ka kula da yadda suka amsa fiye da kuɗin da suka faɗa. Kamfanin da ya tambaye ka sunan jirgi da tasha da yawan akwatuna kafin ya yanka farashi ya san aikinsa. Wanda ya ba ka farashi ɗaya na "tashar Venis" ba tare da tambayar wace ba, ka bar shi.

Mataki na shida: abin da za ka rubuta, da lissafin lokaci

Saƙonka ya ƙunshi sunan jirgin ruwan da kamfaninsa, kwanan wata, tashar, lokacin da aka ce jirgin zai iso, yawan manya da yara da shekarun yaran, yawan manyan akwatuna da jakunkunan hannu, sunan otal da unguwarsa da matsayar da suka ba ka, da lambar WhatsApp da za ta yi aiki a Italiya. Su kuma ka ce su amsa maka a rubuce: jimlar kuɗi har da haraji da kuɗin titi da na shiga tasha, daidai wurin da direba zai tsaya da allon sunanka, minti nawa zai jira kyauta da abin da ake caji bayan nan, ƙarin kuɗin dare ko ranar hutu, sharaɗin soke oda, da abin da zai faru idan jirgin ya makara ko aka karkatar da shi wata tasha. Wannan na ƙarshen kada ka bari a amsa maka da baki. Mai ƙananan yara ya nemi kujerar yara tun yanzu. Mai son a tsaya a hanya don salla ko bayan gida ya faɗa. A kan A4 akwai wuraren hutawa da yawa, tsayuwar minti goma ba matsala ba ce idan an san da ita.

Ka tambayi hanyar da tasin ruwan zai bi. Bin Canal Grande ya fi kyan gani, amma ya fi daɗewa domin an taƙaita gudu a cikinsa saboda igiyar ruwa na cin tushen gidaje, kuma wasu na caji daban a kansa.

Lokacin isowar jirgi ba shi ne lokacin fitowarka ba. Jirgin da ya iso ƙarfe 7 na safe sai hukumomi sun sallame shi, a sauke kaya, sannan a riƙa kiran fasinjoji rukuni-rukuni bisa launin takardar da aka ɗaura wa akwatunansu. Kana iya zuwa teburin karɓar baƙi na jirgin kwana biyu kafin sauka ka nemi rukunin da ya dace da motarka. Ka sa direba ya zo kamar rabin awa bayan lokacin rukuninka, ka ƙara wani rabin idan sai an kwaso ku daga Marghera. Idan tashar da kuka baro a wajen yankin Shengen take, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kamar Kotor ta Montenegro ko wata tashar Turkiyya, ana iya duba fasfo, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar da biza a ciki ya sa ran layinsa zai fi jinkiri. Tun wajen neman biza ma ka tabbata mai shiga da fita sau da yawa ce idan jirgin zai leƙa irin waɗannan ƙasashe. Kuroshiya ta shiga Shengen tun farkon 2023, ita ba ta cikin wannan lissafin.

Mai wucewa filin jirgin sama na Marco Polo kai tsaye ba ya buƙatar ruwa: filin na Tessera ne a kan tudu, kimanin kilomita 13 daga Piazzale Roma. Daga Ravenna ko Trieste ni ba zan sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin ƙarfe 2 na rana ba. Ka kuma duba tikitin da kyau, wasu jiragen masu araha daga Treviso suke tashi, wani filin ne daban.

Ranar hawa jirgi lissafin baya ake yi. Ka ɗauki lokacin da za a rufe tantance fasinjoji, ba lokacin tashin jirgi ba, ka cire tsawon tafiyar mota, ka cire rabin awa na tasin ruwa da sauya kaya, ka ƙara cire awa ɗaya ta ko-ta-kwana, awa ɗaya da rabi idan Ravenna ce. Agogo kuma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Italiya na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, sauran watannin lokacinmu ɗaya ne.

Mataki na bakwai: biyan kuɗi

Yawancin kamfanoni na karɓar kafin alƙalami ko lambar kati a matsayin jingina, sauran a biya ranar. Katin Naira kan ƙi aiki a shafukan waje ko ya zo da iyaka, don haka ka gwada katinka na dala tun da sauran lokaci, kada ranar ta zo kana neman wanda zai biya maka. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa. Asusun kamfani ko shafin biya na kamfanin kawai. Doka ta wajabta wa masu sana'a a Italiya karɓar kati, duk da haka ka riƙe tsabar Yuro ƙananan takardu don ɗan dako da abin da ba a rasa ba. Ihsani ga direba ba dole ba ne, amma wanda ya yi ta ɗaga akwatuna goma ya cancanci wani abu. Ka karɓi rasit. Ka ɗauki hoton takardar tabbaci a wayarka, ka kuma buga ta a takarda, domin da zarar ka sauka intanet ɗin jirgi ya yanke.

Ga tashoshin nesa a watannin Mayu zuwa Satumba, ka yi oda wata ɗaya ko biyu kafin tafiya. Ranar da jirgi mai fasinja dubu uku ya sauke mutane a Porto Corsini, ƙananan bas ɗin yankin ba sa isa.

Ranar kanta

Ana gobe ka aika saƙo ka tabbatar da tasha da lokaci, ka karɓi sunan direba da lambarsa. Da ka fito da kaya ka kira shi ko ka aika masa hoton inda kake tsaye. Kafin ka shiga, ka bar shi ya faɗi sunanka da inda za shi. Ka ƙirga akwatuna da ƙarfi a gabansa wajen lodi, ka sake ƙirgawa a bakin ruwa, ka sake a ƙofar otal. Fasfo da magani da kuɗi su zauna a jikinka. A Piazzale Roma ko Tronchetto kada ka sallami direba sai ya haɗa ka da matuƙin jirgin hannu da hannu. Wurin cike yake da jirage masu kama da juna.

Ruwa na da nasa hukuncin. Daga Oktoba zuwa Janairu ne aka fi samun tumbatsar da suke kira acqua alta. Ta Nuwamban 2019 ta kai santimita 187, kuma tun Oktoban 2020 shingen MOSE, wato ƙofofin da ake ɗagawa a bakin teku, na tare manyan, amma ƙananan na nan. Idan ruwa ya ɗaga, tasi ba ya iya wucewa ƙarƙashin ƙananan gadoji. Idan ya janye sosai, kamar yadda yakan yi a Janairu da Fabrairu, ƙananan mashigai kan zama laka. Ko wanne ya faru, matuƙi zai sauke ka a matsaya mafi kusa ko da otal ɗin na da ƙofar ruwa, kuma ba laifinsa ba ne. Hazon hunturu kan rage gudun jirage. Akwai kuma ranakun da gari ke cika ko a rufe hanya: bikin Redentore a ƙarshen mako na uku na Yuli, tseren kwalekwale na Regata Storica a Lahadin farko ta Satumba da ke rufe Canal Grande, da gudun yada-ƙanin-wani na ƙarshen Oktoba da ke bi ta kan Ponte della Libertà. Ranar yajin aikin ma'aikatan sufuri kuwa kowa kan tasi yake faɗawa, sai mai oda ne ke da kwanciyar hankali.

Idan yini ɗaya kawai jirgin zai yi

Wanda jirginsa ya yada zango na yini ɗaya, zai shiga gari ya koma, ya yi odar zuwa da dawowa a wuri ɗaya, a rubuta wurin da lokacin da za a ɗauke shi da yamma. Tun 25 ga Afrilun 2024 Venis ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu yini a wasu zaɓaɓɓun ranaku, daga 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. An fara da Yuro 5, a 2025 aka mai da shi 10 ga wanda bai biya da wuri ba. Ana biya a shafin hukumar birnin a karɓi lambar QR. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya, masu kwana a otal cikin ƙaramar hukumar su ma an ɗauke musu, sai dai su nemi shaidar hakan. Ka duba ko ranarka na ciki, ka kuma tambayi kamfanin shatar ko kuɗinsu ya haɗa da shi. Galibi bai haɗa ba.

Daga Ravenna, zuwa da dawowa awa biyar ne a mota. Idan jirgin zai tsaya ƙasa da awa goma, abin da zai rage maka a Venis bai taka kara ya karya ba, kuma Ravenna kanta na da majami'un ƙarni na 5 da na 6 masu adon ƙananan duwatsu da kabarin shahararren marubucin waƙoƙi Dante, waɗanda sun isa cika yini.

Jirgi na jiran bas ɗin yawon da shi ya shirya idan ya makara, amma ba ya jiran wanda ya ɗauki shatar kansa. Lokacin da ake so kowa ya kasance a ciki yawanci rabin awa ne kafin tashi. Ka nufi isa awa ɗaya da rabi kafin wannan idan daga nesa za ka dawo. A takardar shirye-shiryen yini da ake ajiye wa fasinja a ɗaki akwai suna da lambar wakilin jirgin a tashar. Ka ɗauki hotonta kafin ka sauka, ka fita da fasfonka. Idan hanya ta tsaya cik, wakilin za ka fara kira, ka faɗa masa lambar ɗakinka da inda kuke da mintocin da suka rage, ka ba direba wayar ya yi masa bayani da Italiyanci. Idan jirgin ya tashi ya bar ka, wakilin ne zai gaya maka tasha ta gaba, kuma kuɗin cim ma jirgin daga aljihunka zai fito.